Zuga-Zugin Kyamara: Tarihin Hoto da Dukanci Daga Gyallesu

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwar Gyallesu ta Tudun Wadan Zariya a shekarun 1960 da 1970, ya san ta a matsayin unguwar ɗalibai da malamai da ma'aikata. Dalili kuwa shi ne tana maƙwabtaka da Kongo, inda aka buɗe makarantar koyar da akawuna cikin 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki cikin 1954, ga kuma Babbar Kwalejin Horon Malamai wadda aka kafa cikin 1962. Inda ɗalibai suka taru kuwa ba a rasa mai ɗaukar hoto, domin takardar shiga makaranta tana son hoto, ta jarrabawa tana so, fasfon aikin hajji ma haka, balle ranar da aka gama karatu za a rabu.

Mai hoton wancan zamani, a Zariya da sauran biranen Arewa, yakan kafa babbar kyamararsa ta katako a kan ƙafafu uku, ya lulluɓe kansa da baƙin mayafi, ya yi ta matsar da gabanta gaba da baya har surar mutum ta fito sarai, sa'an nan ya zura faranti, ya cire murfin idon kyamarar, ya ƙirga, ya mayar. Tsakanin idon nan da bayan kyamarar akwai wata baƙar fata mai ninki-ninki, wadda ke miƙewa tana takurewa. Ita ce wannan lacca ta kira zuga-zugin kyamara. Ba ta da kyan gani, kuma ba ita ce mafi tsada a jikin kyamarar ba, amma ita ke riga kome lalacewa, kuma ran da ta huje sana'a ta tsaya ke nan sai an sami sabuwa. Laccar za ta bi asalin wannan fata, da aikinta, da hanyoyin samun madadinta, sa'an nan ta nuna inda zancenta ya haɗu da wata sana'a da Hausawa suka gada tun kaka da kakanni, watau dukanci.

Daga Ɗakin Duhu Zuwa Akwati

Asalin kyamara ɗaki ne mai duhu. Idan aka rufe ɗaki ruf da rana tsaka, aka bar 'yar kafa ɗaya a jikin ƙofa, surar abin da ke waje za ta faɗo a bangon da ke fuskantar kafar, amma kai a ƙasa, ƙafa a sama. Malamin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwaje a kan haka da fitilu, ya bayyana su cikin littafinsa Kitab al-Manazir. Abin da ya tabbatar shi ne haske a miƙe yake tafiya, ba ya kwana. Sharaɗin fitowar sura kuwa guda ne: kada wani haske ya shigo ɗakin sai ta kafar nan kaɗai.

Masana na Turai sun mai da ɗakin ya zama akwati, suka sa gilashi mai tara haske a bakin kafar. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama surar ta zauna. Wani Bafaranshe, Niépce, ya yi nasarar haka wajen 1826 ko 1827. Cikin 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Daguerre a Faris, kuma daga wannan shekara ake ƙirga tarihin hoto. Cikin 1851 Frederick Scott Archer na Ingila ya fito da hanyar shafa magani a farantin gilashi a ɗauki hoto tun yana da danshi, sa'an nan cikin 1871 Richard Maddox ya kawo busasshen faranti, wanda ake iya ajiyewa a yi tafiya da shi.

Kyamarar da aka fara sayarwa cikin 1839 akwati biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, ana jan na ciki ana tura shi don a daidaita gani. Tana da nauyi, kuma iyakar miƙewarta tsawon katakonta. Daga baya aka maye gurbin akwatin ciki da fata mai ninki, irin wadda masu ƙera kayan kiɗa na iska suka daɗe da saninta. Cikin 1857 wani mai zanen gine-gine a Edinburgh, Charles Kinnear, ya tsara ta da tsukakken gaba da faffaɗan baya, yadda kowane ninki zai shige cikin na bayansa, kyamara ta naɗe ta zama kamar gafaka. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa babbar kyamara hawa jirgin ruwa da kan ɗan dako, zuwa ƙasashe masu nisa.

Suna da Aiki

Bahaushe ya san zuga-zugi tun kafin ya ga kyamara. A maƙera, fatun awaki biyu ne ake ɗinkewa, a haɗa bakinsu da bututu zuwa cikin wuta, ɗan zuga yana danna wannan yana ɗaga wancan. Da yake Turawa ma da sunan na maƙerinsu suke kiran na kyamara, aron sunan a Hausa ya zauna daidai. Haka harshen ya yi da sauran kayan sana'ar: ya ari "hoto" da "kyamara" da "fim", ya kuma ƙirƙiri "wanke hoto" da "dodon hoto", watau farantin farko inda fari ke fitowa baƙi, baƙi ya fito fari.

Sai dai aikin zuga-zugin biyu ya sha bamban. Na maƙeri iska yake riƙewa, kuma ko da ya ɗan yi yoyo, yaro ya ƙara ƙarfin hannu wuta ta kama. Na kyamara haske yake tsarewa, kuma huji kamar bakin allura ya isa ya ɓata aikin yini guda, domin hasken da ya sato hanya zai faɗa kan faranti ya bar hazo ko farin tabo a fuskar mutum.

Aikinsa na biyu shi ne miƙewa, kuma wannan lissafi ne. Kowane idon kyamara yana da tazarar da yake tara haske. Ido mai milimita 150, wanda aka saba ɗora wa kyamara mai faranti inci 4 da inci 5, yana bukatar tazarar milimita 150 tsakaninsa da faranti in abin da za a ɗauka yana can nesa. Yayin da abu ya matso, tazarar sai ta ƙaru. In ana so shafin littafi ya fito da ainihin girmansa, sai tazarar ta ninka ta kai milimita 300, a kuma ninka lokacin buɗe ido sau huɗu, saboda hasken ya bazu a hanya. Kyamara mai faranti inci 8 da inci 10, wadda idonta yakan kai milimita 300, tana bukatar miƙewar milimita 600 don irin wannan aiki. Ke nan gajeren zuga-zugi yana iya ɗaukar dutsen Kufena, amma ba zai iya kwafe shafin rubutun ajami ba.

Aiki na uku shi ne lanƙwasa. Da yake fata ce ke haɗa gaba da baya, mai hoto yana iya ɗaga ido sama ba tare da ya karkata farantin ba, saboda haka dogon gini, kamar hasumiya ko soron ƙofar gari, zai fito a tsaye cak maimakon ya yi kamar zai kife ta baya. Yana kuma iya sunkuyar da idon don abin da ke kusa da na nesa su fito sarai gaba ɗaya, bisa ƙa'idar da ake danganta wa Theodor Scheimpflug na Ostiriya, wanda ya yi mata rajista cikin 1904. Daɗin daɗawa, faranti mai inci 8 da 10 ya fi dodon ƙaramar kyamara faɗi kusan sau 60, shi ya sa a tsofaffin hotuna ake iya ƙirga zaren aikin aska takwas a wuyan riga.

Isowar Kyamara Ƙasar Hausa

Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano cikin 1851, hoto yana da shekara 12 da bayyana, amma da alƙalami ya zana abin da ya gani. Kyamara ta fara zama a bakin teku ne. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1905, da George Da Costa na Ikko, wanda ya bar aikin kantin littattafai na mishan cikin 1895 ya rungumi hoto, suna cikin 'yan ƙasa na farko da suka shahara. Da Costa ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufo Arewa.

Turawan Ingila sun kama Zariya cikin 1902, suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano cikin 1911 bayan ya ratsa Zariya. Jami'an mulki da 'yan mishan sun zo da kyamarori, manya da ƙanana, domin tun 1888 George Eastman ya fito da Kodak mai fim na naɗi, kuma da yawa daga cikin ƙananan da suka biyo baya su ma masu zuga-zugi ne. Littattafai irin na Tremearne a kan al'adu da camfe-camfen Hausawa, wanda ya fito cikin 1913, cike suke da hotuna. Haka nan an ɗauki hawan daba na Kano na 1925, da na Kaduna na 1956. Amma waɗannan hotuna idon baƙo ne, abin da ya ba shi mamaki ko ya yi wa mulkinsa amfani shi ya ɗauka.

Hoton talaka ya zo ne ta Sabon Gari da Tudun Wada, unguwannin da suka tashi a wajen ganuwa a farkon mulkin Turawa. Masu sana'ar na farko galibinsu mutanen Kudu ne da na bakin teku, daga baya 'yan Arewa suka koya a hannunsu. Fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, da kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya cikin 1945, sun saba wa mai karatun Hausa da ganin hoto a takarda, har karin maganar nan ta gani ya kori ji ta sami sabuwar ma'ana. Akwai kuma masu hoton nan-take, waɗanda akwatinsu ke ɗauke da kwanonin magani a ciki: su ɗauki dodo a kan takarda, su wanke shi a cikin akwatin, su kafa shi a gaban ido su sāke ɗaukarsa, sai hoto ya fito daidai. Wannan ɗauka ta biyu daga kusa ake yin ta, saboda haka miƙewar kyamara ita ce jarinsu.

Lalacewa da Neman Madadi

Zuga-zugin kyamara hawa uku ne. Daga waje akwai fata mai laushi wadda aka fere ta yi siriri kamar takarda, ko kuma yadi mai shafin roba. A tsakiya akwai siraran kwali da aka jera kamar haƙarƙari, da 'yar tazara tsakanin kowane biyu inda ninki zai faɗa. Daga ciki kuma baƙin yadi ne marar ƙyalli. Gam ke riƙe da su duka.

Yanayin Zariya yana cin kowane ɗaya daga cikin ukun. Hunturu yana busar da fata har ta yi ƙanta, ƙura ta shiga ninki tana goga ta kamar yashi. Damina ta kawo danshi, fumfuna ta kama yadi, kwali ya saki. Kyankyaso da gara kuwa gam suke bi. Inda ɓarna ke fara bayyana shi ne kusurwoyi, domin nan ne ninki biyu ke haɗuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwajin da masu sana'ar suka sani mai sauƙi ne: a shiga ɗaki mai duhu, a miƙe zuga-zugin iyakarsa, a sa tocila a ciki, a jira ido ya saba da duhu. In an ga ɗige-ɗigen haske kamar taurari, to, lokaci ya yi.

Hanyoyin da ke gaban mai kyamara uku ne. Ta farko faci, watau a liƙe hujin da baƙin ƙyalle ko baƙin gam, ko a yafa mayafin kai a kan zuga-zugin lokacin ɗauka. Wannan maganin kwana kaɗan ne, domin faci yana ƙara kauri, kaurin ya hana naɗewa, matsin kuma ya buɗe sabon huji kusa da tsohon.

Ta biyu ita ce aikawa waje. Kamfanoni irin su Gandolfi na Landan, wanda aka kafa cikin 1885, sun daɗe suna ƙera kyamarar katako da hannu, kuma a Birmingham aka sami masu sana'ar ɗinka zuga-zugi zalla. Mai bukata yakan aika da tsohon tare da katakan bakinsa biyu, ko ya aika da awo: faɗi da tsawon bakin gaba, na ciki da na waje, haka nan na baya, da iyakar miƙewa, da kaurinsa in ya naɗe, da yawan ninki. Kuskuren milimita kaɗan yana sa ko dai ya ƙi shiga, ko kuma ninkinsa ya tare gefen hoto. Wannan hanya ta dogara ga kuɗin waje. Dokar tsuke bakin aljihu ta 1982 ta ƙuntata shigo da kaya, sa'an nan cikin Satumba 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, dalar da a 1985 ba ta kai naira ɗaya ba ta haura naira 3 kafin ƙarshen shekarar. A daidai wannan lokaci injunan wanke hoto mai launi suka bazu a birane, jama'a suka juya ga ƙaramar kyamara. Babbar kyamarar da zuga-zuginta ya huje sai ta koma bayan ƙofa, daga baya kyamarar dijital da wayar hannu suka ƙarasa rufe babin.

Fatar Gida

Hanya ta uku ita ce ɗinkawa a gida, kuma a nan ne tarihi ya yi abin mamaki. Ƙasar da ke aikawa Ingila neman 'yar fata mai tsawon kamu ɗaya ita ce ta yi ƙarnuka tana ciyar da duniya da fata. Tun ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai kayansu Tumbutu da Gawo. Barth ya ga yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu da jajayen fatu daga Kano har Tarabulus. Da yake ta hannun fataken Arewacin Afirka wannan fata take shiga Turai, sai aka riƙa kiran mai yawa daga cikinta da sunan Maroko, alhali jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce. Cikin 1901 wani kwamiti a Landan ya binciki dalilin ruɓewar fatun bangon littattafai, ya ɗora laifin a kan sababbin hanyoyin jima na masana'antu, musamman amfani da ruwan asid. A wannan zamani ne masu ɗaure littattafai irin su Douglas Cockerell suka rungumi jemammiyar fatar akuya ta Arewacin Nijeriya saboda ƙarkonta.

Sirrin yana hannun majemi. Yakan jiƙa fata, ya tuge gashinta da toka da fataka, ya kankare ta, ya jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, ya shafe ta da mai, sa'an nan a rina ta ja da karan dafi, ko baƙa da kuloko. Daga nan baduku ya karɓa. Shi kuwa baduku ya riga ya san fere fata da aska har ta yi laushin yadi, ya san liƙa fata a kan kwali, domin haka ake yin tadarishin Alƙur'ani, ya kuma san lissafin ninki daga alabe da gafaka. Fasahohin nan uku su ne zuga-zugin kyamara ke bukata.

Abin da zai ƙara koyo kaɗan ne, amma wajibi ne. Na ɗaya, zane: a shimfiɗa takarda a zana ɓangarori huɗu bisa awo, a yanka kwalin kowane ninki, kuma in zuga-zugin mai tsukakken gaba ne, sai a riƙa saɓa faɗin kwalin, babba bayan ƙarami. Na biyu, a sani fatar da aka fere tana da ƙofofin gashi da haske ke ratsawa, saboda haka baƙin yadin ciki shi ne ainihin katanga. Na uku, a guji kuloko, domin ƙarfen da ke cikinsa yana cin jemammiyar fata a kwana a tashi. Gara a bar wajen ja, kamar yadda kamfanin Kodak ya yi ta sayar da kyamarori masu jan zuga-zugi kafin Yaƙin Duniya na Farko. Na huɗu, gam ya zama mai lanƙwasa, domin ƙaro yana ƙandarewa, kunun fulawa kuma kiran kyankyaso ne. Mahaɗin a sa shi a ƙasa, a yanke shi a karkace don kada kaurinsa ya taru wuri ɗaya. Wurin gwada duk wannan kuwa ba shi da nisa da Gyallesu, domin tun 1964 aka fara aikin horo a kan fatu da ƙiraga a Samaru, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata ta ƙasa.

Kammalawa

Mai sauraro yana iya tambaya, mene ne amfanin farfaɗo da kyamarar da zamani ya wuce? Amsar tana Bamako da Binin. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako cikin 1948, ya yi aiki da faranti mai santimita 13 da 18, ya kuma adana dodannin hotunansa. Da aka gano su a farkon shekarun 1990, sai suka zama madubin da ake ganin Bamako ta wancan zamani, tufafinta da kitsonta da kekunanta. Solomon Alonge, mai hoton fadar Binin, wanda ya buɗe shagonsa cikin 1942, shi ma an tattara farantansa, aka baje kolinsu a Washington cikin 2014. Zariya tana da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a nan kusa, a Kaduna, amma abin da suka fi tarawa takardu ne. Fuskokin ɗaliban Kongo, da amaren Tudun Wada, da alhazan da suka zauna gaban baƙin mayafi kafin su hau jirgi, suna cikin kwalaye da akwatunan magada, inda hunturu da damina ke yi musu abin da suka yi wa zuga-zugi.

Kyamarar da aka gyara ita ce ƙofar shiga waɗannan gidaje, domin wanda ya ga an daraja kayan aikin mahaifinsa shi zai fito da sauran abin da ya bari. Ita ce kuma za ta koya wa ɗalibin tarihi yadda aka yi hoton da yake karantawa: dalilin da ya sa mutanen ciki suka ƙame, da dalilin ɗaukarsu a inuwar bango da hantsi. Fim ɗin babbar kyamara bai ɓace daga duniya ba, kamfanoni irin su Ilford suna yin sa. Abin da ake bukata daga jami'a shi ne ta haɗa mutum uku a ɗaki guda: tsohon mai hoto da ya san awo, da baduku da ya san aska, da ɗalibin Hausa da zai rubuta sunan kowane abu da kowane aiki kafin masu sunayen su ƙare. Da tsohuwar zuma ake magani.